Lambobin da ke bin sunan manhaja: Me suke nufi, kuma me ya sa ake kula da su?

A ranar 9 ga Disambar 2021 labari ya bazu cewa an gano wata mummunar ɓaraka a cikin Log4j, wata 'yar ƙaramar manhaja da yawancin jama'a ba su taɓa jin sunanta ba, duk da cewa tana zaune a cikin kwamfutocin bankuna da ma'aikatun gwamnati da manyan kamfanonin intanet a faɗin duniya. Aikinta shi ne rubuta rajistar abubuwan da ke faruwa a cikin kwamfuta. Ɓarakar kuwa ta ba mai kutse damar aiko da ɗan gajeren rubutu, wanda da zarar Log4j ta shigar da shi rajista sai ta ɗauke shi a matsayin umarni, ta ɗauko masa abin da yake so daga waje ta aiwatar.

A wancan mako, tambaya ɗaya ce ta hana injiniyoyin kwamfuta barci: wace lamba ce a wurinmu? Duk wanda Log4j ɗinsa ke tsakanin 2.0-beta9 da 2.14.1 yana cikin haɗari. Gidauniyar Apache da ke kula da manhajar ta fitar da 2.15.0 domin toshe ɓarakar, sai aka ga gyaran bai cika ba, ta fitar da 2.16.0, sannan 2.17.0, kafin watan ya ƙare kuma ta fitar da 2.17.1. Bambancin da ke tsakanin kamfanin da ya tsira da wanda ƙofarsa ke buɗe bai wuce 'yan lambobin nan ba.

Irin waɗannan lambobi ne mai waya ke gani duk lokacin da manhajar banki ko WhatsApp ta nemi a sabunta ta. Ana kiran su lambar siga, kuma akwai ƙa'idoji daban-daban da ake bi wajen ba da su.

Tubalan da ake gina manhaja da su

A yau da wuya a sami mai rubuta manhaja da ke fara aiki daga tushe. Kamar yadda magini ba ya haƙa ƙasa ya yi bulo da kansa kafin ya ɗora gida, haka injiniyan manhaja ke ɗauko ƙananan manhajojin da wasu suka riga suka rubuta ya harhaɗa su: wannan na lissafin kwanan wata, wancan na ɓoye lambar sirri, wani kuma na aika saƙo. Masu sana'ar suna kiran irin wannan ƙaramar manhaja laburare, amma a Hausa an fi fahimtar ta da sunan tubali. Log4j tubali ne. Haka ma OpenSSL, wanda ke kare bayanai tsakanin waya da shafin intanet.

Manhaja ɗaya ta kamfani takan dogara da tubala da yawa, kowane tubali kuma yana dogara da wasu tubalan, har jimillarsu ta kai ɗaruruwa. Mutane daban-daban ne ke rubuta su a ƙasashe daban-daban, da yawansu kyauta, kuma kowa yana gyara nasa a lokacin da ya ga dama. Nan ne matsalar take. Idan mai tubali ya sauya fasalin tubalinsa, ta yaya wanda ya gina gida a kai zai san ko sabon zai zauna daidai a gurbin tsohon? Mai sayar da kayan gyaran mota a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ya san wannan damuwa sarai: sunan mota kaɗai ba ya isa, sai an faɗi shekara da samfuri kafin ya miƙo abin da zai shiga.

Lambobi uku masu ɗauke da alkawari

Tsarin da ya fi yaɗuwa tsakanin masu rubuta tubala shi ne wanda ake kira SemVer, wato lamba mai ma'ana. Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa dandalin GitHub, shi ne ya rubuta ƙa'idojinsa, kuma sigar ƙa'idojin da ake aiki da ita, 2.0.0, ta fito a 2013.

Tsarin ya tanadi lambobi uku da ɗigo ya raba, misali 4.2.7. Ana karanta su daga dama zuwa hagu gwargwadon nauyin sauyin da aka yi.

Ta ƙarshe ita ce lambar faci. Ana ƙara ta idan an gyara kuskure kawai ba tare da taɓa yadda ake amfani da tubalin ba. Daga 4.2.7 zuwa 4.2.8 tamkar facin taya ne, mota ba ta sauya ba.

Ta tsakiya ana ƙara ta idan an kawo sabon aiki, amma duk abin da ke aiki a da zai ci gaba da aiki. Idan an ƙara ta, lambar faci sai ta koma sifili: 4.2.8 ta zama 4.3.0.

Ta farko ita ce babbar lamba, kuma ita ce gargaɗi. Ana ƙara ta idan an cire wani abu ko an sauya shi ta yadda manhajojin da suka dogara da tsohon fasalin za su iya lalacewa. Duk wanda ya ga 4.3.0 ta koma 5.0.0 ya san sai ya zauna ya duba aikinsa kafin ya karɓa.

Akwai wasu ƙa'idoji biyu masu muhimmanci. Ta farko, da zarar an fitar da siga ba a sake taɓa abin da ke cikinta. Ko harafi ɗaya za a gyara, sai an ba da sabuwar lamba. Ta haka 4.2.7 da ke Legas ita ce 4.2.7 da ke Tokyo. Ta biyu, duk tubalin da babbar lambarsa ke sifili, kamar 0.8.1, yana matakin gwaji ne, kuma mai shi bai ɗauki alkawarin komai ba tukuna. Haka nan kalmomi irin su alpha da beta da rc idan suka biyo bayan lamba suna nufin sigar ba ta kammala ba.

Misali na kusa shi ne NumPy, tubalin lissafi da masana kimiyya da masu nazarin bayanai ke amfani da shi. Sigarsa ta 1.0 ta fito a 2006, kuma bai ɗaga babbar lamba zuwa 2.0 ba sai a Yunin 2024, bayan kusan shekara 18, lokacin da masu kula da shi suka yanke shawarar cire tsofaffin abubuwa da yawa.

Na'ura ce ke karanta lambar

Amfanin wannan tsari ya wuce sanar da ɗan Adam. Akwai manhajoji na musamman, irin su npm, da ke ɗauko tubala daga rumbu a intanet su harhaɗa wa injiniya. Injiniyan yakan rubuta musu sharaɗi. Idan ya rubuta ^1.4.0, yana nufin a kawo masa duk sabuwar sigar da ta fito muddin ba ta kai 2.0.0 ba. Idan ya rubuta ~1.4.0, faci kawai ya yarda da shi, kada a kai 1.5.0. Idan kuma ya rubuta 1.4.0 ba wata alama, to ita kaɗai yake so.

Kowane zaɓi yana da nasa haɗari, kuma tarihi ya nuna duka biyun.

A Maris na 2016 wani mai rubuta manhaja, Azer Koculu, ya sami saɓani da kamfanin Kik kan sunan wani tubalinsa. Da hukumar npm ta goyi bayan kamfanin, sai ya janye tubalansa fiye da 250 daga rumbun. A cikinsu akwai left-pad, mai layi 11 kacal, wanda aikinsa shi ne cike gurbi a hagun rubutu, kamar mayar da 7 ta zama 007. Dubban ayyuka suka tsaya cak, har da manyan kayan aiki irin su Babel. Cikin mintuna wani ya saka madadinsa a rumbun da lamba 1.0.0, amma matsalar ba ta kau ba, domin wani tubali da ke tsakiyar sarƙar ya rubuta cewa 0.0.3 yake so ba wata ba. Sai da npm ta dawo da ainihin 0.0.3 sannan al'amura suka daidaita, bayan kimanin awa biyu da rabi.

A Janairun 2022 kuma aka ga kishiyar haka. Wanda ya rubuta tubalin colors, da ake saukewa fiye da sau miliyan 20 a mako, ya lalata shi da gangan ya fitar da shi da lamba 1.4.1. A ƙa'ida wannan faci ne kawai a kan 1.4.0, don haka duk manhajar da ta rubuta ^1.4.0 ta ɗauko shi ba tare da tambaya ba, sai ta shiga zuba rubutun banza a allo ba ƙaƙƙautawa. Wannan ne ya sa ƙwararru ke ajiye wani fayil na kulle, inda ake rubuta ainihin lambar kowane tubali da aka gwada, ba a sauya ta sai an sake gwaji.

Inda alkawarin ke karyewa

Hausawa sun ce alkawari kaya ne, kuma ɗaukar wannan kayan ba shi da sauƙi ko ga mai gaskiya. Lambar siga shaida ce ta mai tubali a kan aikinsa. Babu wata hukuma da ke tantance ta. Yana iya gyara ƙaramin kuskure da zuciya ɗaya, alhali wani kamfani a wata ƙasa ya daɗe da gina aikinsa a kan wannan kuskuren. Hyrum Wright, wanda ya yi aikin injiniya a Google, ya shahara da lura cewa idan masu amfani da tubali suka yi yawa, duk wata ɗabi'arsa da ake iya gani, ko an yi alkawarinta ko ba a yi ba, sai an sami wanda ya dogara da ita.

Wani lokaci kuma larura ce ke tilasta karya ƙa'ida. A sigar Log4j ta 2.16.0 an cire wani aiki ɗungurungum domin rufe ƙofar masu kutse, amma babbar lamba ta ci gaba da zama 2.

Ɗaga babbar lamba ma yana da tsada. Harshen rubuta manhaja na Python ya fitar da 3.0 a Disambar 2008 da sauye-sauyen da ba su jitu da Python 2 ba. Kamfanoni da masu tubala suka yi ta jan ƙafa, har aka ɗage ranar daina kula da tsohon daga 2015 zuwa 1 ga Janairun 2020. Ƙaura ɗaya ta ci shekara 11.

Masu bin kalanda

Wasu sun zaɓi lambar ta faɗi lokaci maimakon nauyin sauyi. Ubuntu, manhajar sarrafa kwamfuta da ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya assasa, ta fara da 4.10 domin ta fito a watan 10 na 2004. Don haka 24.04 na nufin Afrilun 2024. Duk shekara biyu, a watan Afrilu, kamfanin Canonical yana fitar da siga mai dogon zango da yake kula da ita kyauta na shekara biyar. Mai 24.04 zai iya lissafa ranar ƙarewar kulawar da yatsunsa.

Tsarin kalanda ya fi dacewa da tubalan da ke ɗauke da bayanai masu tsufa. Rumbun bayanan agogon duniya, wanda wayoyi ke dogara da shi wajen sanin ƙarfe nawa ne a Legas ko Makka ko Landan, yana amfani da shekara da harafi: 2024a ita ce fitowar farko a shekarar, 2024b ta biyu. Idan wata ƙasa ta sauya agogonta sai a fitar da sabuwa.

Kamfanonin kasuwanci ma sun daɗe da gane cewa shekara ta fi sauƙin riƙewa. Microsoft ya yi Windows 95 da 98 da 2000. Samsung ya tsallaka daga Galaxy S10 zuwa S20 a 2020. Apple kuma a 2025 ya tashi daga iOS 18 zuwa iOS 26 domin lambar ta yi daidai da shekarar da ke tafe. Raunin wannan tsari shi ne lambar ba ta gaya wa injiniya ko sabuwar siga za ta lalata masa aiki.

Masu tafiya da nasu tsari

Linux, wanda shi ne ginshiƙin Android, ya taɓa bin tsarin mara da cika: 2.4 da 2.6 na amfanin jama'a ne, 2.3 da 2.5 na gwaji. Daga baya aka bar wannan. Linus Torvalds, ɗan asalin Finland da ya ƙirƙiro shi, ya koma 3.0 a 2011 daidai da cikar aikin shekara 20, sannan 4.0 a 2015, 5.0 a 2019, da 6.0 a 2022. Ya sha bayyana cewa ɗaga babbar lambar ba ya nufin wani gagarumin sauyi. Yana yin haka ne idan lambar tsakiya ta kusa fin ƙarfin ƙirga da yatsun hannu da na ƙafa.

Farfesa Donald Knuth na Jami'ar Stanford ya fi kowa ban mamaki. Manhajarsa ta tsara rubutun lissafi, TeX, tun daga siga ta 3 take ƙara lamba ɗaya a duk gyara domin ta matsa kusa da adadin nan na da'ira da ɗalibai suka sani da 3.14. Gyaran 2021 ya kai ta 3.141592653. Saƙon da ke ciki shi ne aikin ya kammala, sai dai ƙananan gyare-gyare.

OpenSSL a da yana sa harafi a ƙarshe. Lokacin da aka gano ɓarakar Heartbleed a Afrilun 2014, sigogin 1.0.1 zuwa 1.0.1f ne abin ya shafa, 1.0.1g kuma ita ce magani. Harafi ɗaya ne tsakani, amma a Kanada sai da aka sace lambobin shaidar mutum kusan 900 daga hukumar haraji ta wannan kafa. A Satumbar 2021 OpenSSL ya tsallaka daga 1.1.1 zuwa 3.0.0, ya rungumi tsarin lambobi uku, ya bar 2 domin wani sashensa ya riga ya yi amfani da ita. Tsallake lamba ba baƙon abu ba ne: babu Windows 9, kuma harshen PHP ya tashi daga 5.6 zuwa 7.0 a 2015.

Goma ta fi tara

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar lambar siga kamar lissafin kuɗi mai ɗigo. A lissafi 1.9 ta fi 1.10, amma a lambar siga kowane gida cin gashin kansa yake yi, don haka 1.10 ce ke bin 1.9. Na'urori ma sukan faɗa wannan rami. Da Python 3.10 ta fito a Oktobar 2021, wasu tsare-tsaren gwaji sun karanta ta a matsayin 3.1, sigar da ta fito tun 2009. A 2009 ɗin manhajar shiga intanet ta Opera ta kai 10, sai wasu shafuka suka riƙa karanta lambar farko kawai suna ɗaukar ta siga ta 1, har kamfanin ya sa ta riƙa gabatar da kanta da 9.80. Saboda wannan darasi Google da Mozilla suka yi dogon gwaji kafin Chrome da Firefox su kai 100 a 2022.

Abin da ya shafi ofis da kasuwa

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma labarin Equifax, kamfanin adana bayanan bashi na Amurka, ya tabbatar da haka. A Maris na 2017 aka sanar da ɓaraka a tubalin Apache Struts tare da sigogin da suka toshe ta. Equifax bai sabunta nasa ba. Daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuli masu kutse suka kwashi bayanan mutum kusan miliyan 147. Shugaban kamfanin ya sauka a Satumba, a 2019 kuma kamfanin ya amince da biyan kuɗin da ka iya kaiwa Dala miliyan 700. Binciken majalisar dokokin ƙasar ya nuna kamfanin ba shi da cikakken jerin abubuwan da ke cikin kwamfutocinsa, don haka bai ma san inda tsohuwar sigar take ba.

A Mayun 2021 Shugaba Joe Biden ya sa hannu kan umarni mai lamba 14028, wanda ya haɗa da buƙatar masu sayar wa gwamnatin Amurka manhaja su ba da jerin tubalan da ke ciki da lambobinsu, kamar yadda ake rubuta sinadarai da lambar rukuni a jikin kwalin magani domin a iya janye gurɓatacce. A Najeriya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk hukuma ko kamfanin da ke riƙe da bayanan jama'a nauyin tsare su, kuma tsohon tubali mai sananniyar ɓaraka babban giɓi ne a wannan tsaro.

Jami'in da zai sa hannu kan kwangilar shafin ma'aikata, ko ɗan kasuwar da zai sayi manhajar lissafin kaya, ba sai ya iya rubuta manhaja ba kafin ya kare kansa. Yana iya neman ɗan kwangila ya ba shi rubutaccen jerin tubalan da aka yi amfani da su da lambar kowanne. Yana iya tambayar ranar da masu su za su daina kula da waɗannan sigogi, domin manhajar da aka gina yau a kan Python 2 an gina ta ne a kan tubalin da aka yi watsi da shi tun 2020. Yana kuma iya tabbatar da cewa yarjejeniya ta faɗi wanda zai riƙa sabuntawa bayan an miƙa aiki, da ko kuɗin ƙaura zuwa sabuwar babbar lamba yana cikin farashi.

Ga mai waya ko kwamfutar shago kuwa, lambar tana nan a sashen saituna, ƙarƙashin bayanin na'ura. Tun Oktobar 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin Android da ke ƙasa da 5.0, Microsoft kuma ya kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktobar 2025. Mai sayen tsohuwar waya ko kwamfuta a kasuwa zai amfana idan ya duba wannan lamba kafin ya biya. Idan lambar ƙarshe ce kawai ta motsa a saƙon sabuntawa, galibi gyaran kuskure ne ko na tsaro, kuma jinkirta shi ba shi da riba. Idan kuwa ta farko ce ta sauya a manhajar da ciniki ko aikin ofis ya rataya a kanta, ya dace a adana kwafin bayanai, a gwada a na'ura ɗaya, sannan a sabunta sauran.